Karɓa-karɓa daban, shinge daban

Masu fassara kalmomin kwamfuta zuwa Hausa sukan ce injin yana «yin ayyuka da yawa a lokaci guda». A ganina wannan fassara ta bi kalmar Turawa, ta bar abin da kalmar take nufi, kuma tarihin injinan kansu ne shaida.

Kwamfutocin tebur na farko ƙwaƙwalwar sarrafawa ɗaya gare su, umarni ɗaya take bi a kowane lokaci. Abin da ido yake ɗauka aiki ne tare, karɓa-karɓa ce mai tsananin sauri tsakanin manhajoji. To, wa yake raba layi?

A Windows 3.1 ta 1992 da System 7 ta Apple ta 1991, manhaja ce da kanta take sakin ƙwaƙwalwar sa'ad da ta koma jiran saƙo, kamar danna maɓalli. In ta maƙale ba ta saki ba, sauran sai su yi cirko-cirko, injin duka ya daskare. Wanda ya karanta aikin Sacks da Schegloff da Jefferson na 1974 kan musayar magana a hira zai gane lamarin nan take: mai magana ne ya ƙi yin shiru, kuma babu mai ikon katse shi. Amiga ta kamfanin Commodore kuwa, tun 1985 tana da mai katsewa. Agogon injin ne yake bugawa, babbar manhaja ta ƙwace layi ta miƙa wa wani, ko ana so ko ba a so.

Sai dai Amiga ba ta da shinge a ma'adanarta. Dukan manhajoji fili ɗaya suke ciki, kowace tana iya rubutu a kan bayanan maƙwabciyarta, har ma a kan na babbar manhajar, kuskuren ɗaya ya kayar da kowa. Raba lokaci daban, raba wuri daban ke nan, tunda ga injin da ya sami na farko ya rasa na biyu. Windows NT ta haɗa su a 1993, Apple kuwa sai a 2001, da Mac OS X.

Don haka kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Shawarata ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi a sashenmu ita ce uku: «karɓa-karɓar yarda» ga salon Windows 3.1, «karɓa-karɓar tilas» ga na Amiga, sannan «shingen ma'adana» ga abin da yake hana manhaja shiga gonar wata. Ta ukun ce nake jin za a fi yi mini gardama a kanta, domin «ma'adana» tana iya nufin faifan ajiya ma.