Gari a Matsayin Abin Tuhuma: Kisa da Tsohuwar Gaba a Ƙagaggun Labaran Zullumi

A tsarin nazarin da aka horar da mu a kai a sassan Hausa na jami'o'inmu, idan aka ɗauki ƙagaggen labari akan bi shi ta fuskar jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari. Wurin da labarin ya faru kuwa, yawanci jimla ɗaya ake ba shi a wuce. A ganina akwai wani rukunin labarai da wannan sakaci yake cuta ƙwarai, wato waɗanda aka gina a kan kisan kai da tsohuwar gaba a ƙaramin gari. A irin waɗannan labarai garin da kansa yana cikin waɗanda ake tuhuma, kuma duk nazarin da ya tsaya ga mai kisa da wanda aka kashe ya bar rabin littafin bai karanta ba.

Ya kamata a fara da rarrabe abubuwa biyu da akan cakuɗa. Akwai labarin bincike, inda aka ɓoye wa mai karatu sunan mai laifi, ana bin sawu har a gano shi a babin ƙarshe. Akwai kuma wanda zan kira labarin zullumi, inda abin da ke riƙe mai karatu shi ne halin da zukatan taurari suke ciki: ƙullaci, da tsoro, da kunya, da nadama. A na farko hankali yakan kwanta da zarar an ambaci suna. A na biyu ana iya ambaton sunan tun a shafin farko, zullumin kuma ya ci gaba da ƙaruwa.

Ƙaramin gari ya dace da wannan nau'i na biyu saboda dalilai uku. Na ɗaya, babu baƙo: wanda ya yi kisan maƙwabci ne, ko suruki, ko abokin ƙuruciya. Na biyu, babu mantuwa: auren da aka fasa ko gonar da aka ƙwace shekara talatin da suka wuce suna nan a bakin tsofaffi. Na uku, babu wurin ɓuya: masu gaba da juna suna haɗuwa kullum a kasuwa ɗaya da wurin ibada ɗaya, suna gaisawa da baki, zuciya na tafasa.

Agatha Christie ta ga wannan tun a 1930, a littafinta The Murder at the Vicarage. An harbe Kanar Protheroe a gidan limamin cocin ƙauyen St Mary Mead da ke Ingila, sai dattijuwar nan Miss Marple ta lissafa mutum bakwai da kowannensu yake da dalilin son mutuwarsa. Duk da haka littafin na bincike ne, domin da aka kama masu laifi ƙauyen ya koma zamansa na da, kamar an cire ƙaya daga ƙafa.

Gabriel García Márquez na ƙasar Kolambiya ya juya wannan tsari a littafinsa Crónica de una muerte anunciada na 1981. Tun daga jimlar farko mai karatu ya san za a kashe Santiago Nasar. Ango ya mayar da amaryarsa Ángela Vicario gidan iyayenta a daren aure saboda bai same ta budurwa ba, ita kuma ta ambaci sunan Santiago. 'Yan'uwanta tagwaye suka wasa wuƙaƙensu a kasuwa, suna gaya wa duk wanda suka haɗu da shi abin da za su aikata. Kusan kowa ya ji, amma ba wanda ya hana: wani ya ɗauka maye ne, wani ya zaci an riga an gargaɗi saurayin, wani kuma ya ga lamarin kare mutunci ne da bai shafe shi ba. Mai ba da labarin ya komo garin bayan shekara 27 yana tattara shaida, ya tarar mutane ba su ma yarda da juna ba a kan ko an yi ruwa a safiyar ranar. Har littafin ya ƙare ba a tabbatar da cewa Santiago ya taɓa yarinyar ba. Hannu huɗu ne suka riƙe wuƙa, amma shirun gari ne ya ba su hanya.

Friedrich Dürrenmatt na Suwizalan ya ƙara matsa wannan batu a wasan kwaikwayonsa Der Besuch der alten Dame na 1956. Claire Zachanassian ta bar garin Güllen da ciki tana yarinya, bayan saurayinta Alfred Ill ya sayi shaidun zur biyu ya musanta cikin. Bayan shekara 45 ta dawo da dukiya mai ɗimbin yawa, ta yi wa garin da talauci ya durƙusar tayin biliyan ɗaya idan aka kashe mata shi. Jama'a suka ƙi da babbar murya. Daga nan sai Ill, wanda mai kanti ne, ya lura maƙwabtansa sun fara cin bashin kaya masu tsada, kowa ya sayi sabon takalmi. Ba wanda ya ce zai kashe shi, amma kowa yana kashe kuɗin da sai ya mutu za su zo. Zullumin wasan duka yana cikin waɗannan takalma.

Me ya haɗa manazarcin Hausa da waɗannan ayyuka? Abin da ya haɗa mu shi ne muna da namu tun tsakiyar shekarun 1930, ba mu dai karanta shi ta wannan fuska ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ginu a kan gabar da ta taso a garin Galma, lokacin da dukiyar Malam Shehu ta raba Abubakar da Zainab. Abubakar bai ɗauki makami ba. Ya tafi neman magani, ya dawo ya lalata ɗan da aka haifa a auren, wato Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa a wurin sata bai san shi ne ba. Mukan ce jigon littafin soyayya ne ko ramuwar gayya, mu ciro darasi mu rufe. Amma mai karatu ya san wanda ya ƙulla sharrin tun da wuri. Abin da ke riƙe shi shi ne jiran shekarun da ƙullin zai ɗauka kafin ya nuna. Kuma akwai tambayoyin da ba mu cika yi ba. Su wa suka ga an fifita mai kuɗi a kan mai alkawari suka yi shiru? Wane matsayi kunyar idon jama'a take da shi a azabar Malam Shehu? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ana iya yi mini suka ta hanyoyi biyu. Ta farko, a ce asiri ne ya lalata Kyauta, don haka ba a maganar nazarin zuciya a inda sihiri ya yi aiki. Amsata ita ce, maganin hanya ce kawai. Abin da ya sa mutum ya bar garinsu, ya sha wahalar tafiya, ya zaɓi ya cuci yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba maimakon ya tunkari abokin gabarsa, wannan al'amari ne na zuciya tsantsa, kuma ya cancanci tarke. Suka ta biyu ta fi nauyi: a ce irin wannan karatu yana raba laifi ga kowa har ya zama ba na kowa ba. Wannan haɗari ne na gaske. Sai dai ayyukan da na ambata ba su wanke mai kisa ba. Sun ƙara ne da tuhumar wanda ya sani ya kau da kai, kuma shi ne mutumin da kotu ba ta cika kira ba, sai adabi.

Saboda haka ina kira ga masu tsara darussan zube da masu duba kundayen digiri da su ba wuri matsayinsa a tarke, a riƙa tambayar abin da jama'ar garin labari suka sani, da lokacin da suka sani, da abin da suka yi da sanin. Marubutanmu kuma ba sa bukatar aron jami'in bincike daga wata ƙasa kafin su rubuta labarin kisa mai riƙe zuciya. Rikicin gado, da takarar sarauta tsakanin gidaje biyu, da baikon da aka warware, duk suna nan a garuruwanmu, tare da mutanen da suka san yadda aka fara, suke kuma zaune a dandali ɗaya har yau.