Gasar Gashin Biskit: Wa Ke Kashewa, Wa Ke Kwashewa?

Da zarar an yaba wa mace biskit ɗinta a suna ko biki, sai ƙannenta su fara zuga ta: "Yaya, ki shiga gasa mana, wallahi ke za ki ci." Ni dai ina ganin kafin ta amsa, gara a ɗauko biro a yi lissafi.

A Amurka, kamfanin fulawa na Pillsbury ya buɗe gasarsa ta masu gashi a gida a 1949, a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York, da kyautar dala 50,000. A 1996 kyautar ta kai dala miliyan ɗaya. Kuɗi ne mai tsoka, ba gardama. Sai dai a duba sharuɗɗan: dole ki yi amfani da kayan kamfanin, kuma haɗin da kika aika ya zama nasa, ya buga shi a littafi, ya tallata fulawarsa da shi. Dubban mata kan aika, kowace ta sayi fulawa ta gwada, ta sake gwadawa, mutum ɗaya ke tafiya da babbar kyautar. A 1957 Freda Smith daga jihar Ohio ta kawo wani biskit na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da cakulan a tsakiyarsa. Ba ta ci babbar kyautar ba, amma har gobe ana gasa shi a gidajen Amurka, ana sayen fulawa da cakulan saboda shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta Ingila, wato The Great British Bake Off da aka fara a 2010, ta fi ba ni mamaki. Akan tara mutum 12, a yi mako 10 ana fafatawa, suna aikinsu na neman abinci suna kuma kwana a kicin suna gwaji. Wanda ya yi nasara farantin ɗora kek ake ba shi da furanni, babu ko sisi. Alhali da shirin ya bar BBC ya koma Channel 4 a 2017, maganar fam miliyan 25 a shekara aka yi. Za a ce mini ga Nadiya Hussain, 'yar asalin Bangaladash, da ta ci a 2015, ta gasa wa Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin kek na cika shekara 90, ta zama marubuciya. Haka ne, Allah ya ƙara mata. To amma a ambato mini sunan wanda aka fara cirewa a shekarar.

Wannan fa a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. A Kano ko Kaduna lissafin ya fi ɗaci. Kusan duk alkamar da ake yin fulawa da ita shigo da ita ake yi, saboda haka duk motsin dala sai ya taɓa buhu. Ga bota, ga sukari, ga ƙwai, ga gas. Biskit kuwa ba ya yafe ganganci: a bar shi minti biyu fiye da ƙima, ƙasansa ya ƙone, tire guda ya tafi. Wadda ke gashi da tukunya da yashi a kan gawayi ta ma fi kowa sanin haka. Kowane gwaji kuɗi ne, kuma gwajin gasa ba na sayarwa ba ne, yara da maƙwabta ke cinyewa. A ƙara kuɗin fom idan akwai, kuɗin mota, kwalin zubawa, da odar da aka mayar saboda babu lokaci. Idan gasar ta jefa ƙuri'a ce a Instagram, a ƙara data da kunyar roƙon dangi su danna, sannan a tuna cewa mai yawan mabiya ke ci ko da biskit ɗinta ya yi tauri.

Ban ce babu amfani ba. Ana koyon awo da sikeli, ana sanin mutane, wata ma a nan take samun kwastomominta na farko. Wadda ta shiga don nishaɗi da kuɗin da ba za ta yi kukan rashinsu ba, babu ruwana da ita. Da wadda ta ɗauki jarin sana'arta ko kuɗin adashinta nake magana.

'Yar'uwa, kafin ki cike fom, nemi sharuɗɗan a rubuce, ki tambayi su wane ne alƙalai, ki tambayi wadda ta ci bara ko kyautar ta shiga hannunta. Idan suka yi miki hanya-hanya, ki riƙe fulawarki ki gasa wa masu biya.