KARATUN KASUWANCI A INGILA: A DAINA YAUDARAR 'YA'YANMU

 

Ya 'yan uwa, akwai wata ƙarya da ta daɗe tana yawo a zaurukanmu har masu hankali ma sun fara ɗaukarta gaskiya. Ƙaryar kuwa ita ce wai duk wanda ya sami gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci a Ingila ya haye, abin da ya rage kawai a haɗa masa kuɗin jirgi da kashin farko na kuɗin makaranta, sauran zai yi aiki can ya biya, har ma ya riƙa aiko wa gida. Dillalan neman gurbin karatu, waɗanda jami'o'i ke biyan kamasho a kan kowane ɗalibin da suka kawo, su suka fi rera wannan waƙa, mu kuwa iyaye da yayye muna yi musu amshi. An sayar da filaye da gonakin gado a kan wannan magana, don haka ya zama wajibi mu baje ta a faifai.

Mu fara da lokaci. Digiri na biyu na shekara ɗaya a Ingila an gina shi ne a kan maki 180 na nauyin karatu, kuma kowane maki ɗaya an ƙiyasta shi da awa 10 na aiki, wato awa 1,800 ke nan. Zango biyu na farko kowannensu yana ɗauke da awa 600 a cikin kimanin mako 15, ma'ana awa 40 a mako, daidai da aikin cikakken ma'aikaci. Zango na uku kuma na kundin bincike ne, wanda galibi yakan haura kalmomi 12,000, kuma makin cin kowane darasi a mafi yawan jami'o'in 50 ne cikin 100.

Abin da ke ruɗar mutanenmu shi ne jadawalin lacca. Uba ya ji ɗansa na shiga aji kwana uku a mako sai ya ce ashe hutu yake yi. Alhali zaman aji shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Makarantun kasuwanci da dama sun ari tsarin da Harvard ta Amurka ta shahara da shi tun shekarun 1920, inda ake ba ɗalibi labarin wani kamfani da lissafinsa ya karance kafin ya zo aji, sannan malami ya tashe shi ba zato ya ce ya yanke shawara. A Harvard ɗin ɗalibi yakan nazarci irin wannan labari kusan 500 a shekara biyu, kuma kimanin rabin makinsa yana fitowa ne daga abin da ya faɗa a aji. Ga kuma aikin rukuni, inda za a haɗa ka da mutum huɗu ko biyar daga Sin da Indiya da Turai, maki ɗaya ya hau kanku duka, sakacin ɗaya ya ja sauran ƙasa. Ga manhajar Turnitin da ke bankaɗo jimlolin da aka kwafo, wanda aka kama kuwa yana iya rasa digirin gaba ɗaya.

To, a kan wannan kaya ne dillali yake ɗora na neman kuɗi. Dokar biza ta taƙaita aikin ɗalibi ga awa 20 a mako lokacin karatu. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin lada ga ɗan shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa, wato kimanin fam 1,058 a wata ga wanda ya cike awa 20 ɗinsa bai taɓa fashi ba. A watan Janairun 2025 kuwa, ita kanta gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa ɗalibi na bukatar fam 1,136 a wata don ya rayu a wajen Landan, fam 1,483 a cikin Landan. Ku dubi wannan lissafi da kyau, ya 'yan uwa. Ladan ko ci da haya bai ishe shi ba, balle kuɗin makaranta da ke kai dubban fama-famai, balle harajin lafiya na fam 776 a shekara da aka ɗora wa ɗalibai a 2024. Ina rarar da za a aiko gida? Ashe idan muka matsa wa yaro da waya muna neman kuɗin suna da na biki, ba tura shi muke yi ya karya doka ko ya watsar da karatu ba?

Mun kuwa ga ƙarshen irin wannan gini a kan rairayi. Lokacin da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa kusan 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da iyali suka tanada ya narke a hannunsu. A watan Mayun 2024 duniya ta ji labarin ɗalibai 'yan Nijeriya a jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu saboda gaza biyan kuɗi a kan lokaci, har hukumar shige da fice ta umarci wasunsu su bar ƙasar. Dillalan da suka karɓi kamasho ba a ji ɗuriyarsu ba.

Wanda ya kwana yana ɗaukar kaya a sito ko yana jinya a gidan kula da tsofaffi, ya wayi gari a aji, dole wani abu ya faɗi daga hannunsa, kuma mun san abin da yakan fara faɗuwa. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk sukan shiga cikin awa huɗu, daidai lokacin lacca. Juma'a ranar aiki ce. Tarukan sada ɗalibai da manyan kamfanoni sau da yawa a gaban kwalaben giya ake yin su. Sannan darasin harkar kuɗi tun makon farko a kan kuɗin ruwa ake kafa shi, da shi ake auna darajar kowane jari da kowane bashi. Ɗalibin da ke da lokacin tunani zai koyi lissafin ya kuma san hukuncinsa a ƙarshen Suratul Baƙara. Wanda gajiya ta cinye kuwa haddacewa zai yi ya wuce, ya dawo mana yana kiran riba dabarar zamani.

Wani zai ce ai kuna sare wa matasa gwiwa ne daga neman ilimi. Ko kusa. Al'ummar da kasuwanci ya gina ta tun zamanin fataken Kurmi tana bukatar masana lissafin kuɗi da tafiyar da kamfani fiye da kowa, kuma bankuna marasa kuɗin ruwa irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ba za su tsaya da fatan alheri kaɗai ba. Yaudara muke yaƙa, da tura yaro fagen fama ba guzuri.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, kada a tura kowa sai kuɗin makaranta da na zaman shekara sun cika a hannu, kuma a ajiye su a kuɗin ƙasar da za a je. Na biyu, dangi su ɗauke wa ɗalibi duk wata bukata ta gida har ya gama, domin amana ya tafi saukewa. Na uku, mai tafiya ya san hukunce-hukuncen ciniki da na sallar matafiyi da mazauni kafin ya hau jirgi, ya kuma nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ɗakin salla na jami'arsa tun makon farko. Na huɗu, wanda ƙarfinsa bai kai ba kada ya ci bashin ruwa don ya je. Jami'ar Bayero ta Kano tana da makarantar kasuwanci da cibiyar nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci, kuma babu abin kunya a karatun gida.

Su kuma dillalai, muna tunatar da su cewa ɓoye aibin haja ha'inci ne, ko hajar buhun gero ce ko gurbin jami'a. Duk wanda ya ce maka ɗanka zai biya kuɗin makaranta da aikin awa 20, ka ce ya zauna ya rubuta maka lissafin a takarda, ya sa hannu.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare musu addininsu a duk inda suke, Ya dawo mana da su lafiya.