Kira ga Cibiyar CBAAC: A Kawo Mana Faifan FESTAC Alaba Rago

Zuwa ga shugabannin Cibiyar CBAAC da ke Legas.

A 1977, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adu na FESTAC, ƙasashe fiye da 50 suka hallara. An yi yawancin wasannin a nan Ikko, amma babban hawan daba a Kaduna aka yi shi, sarakunan Arewa suka fito da dawakansu da makaɗansu da 'yan lifidansu. A 1979 gwamnati ta kafa cibiyarku, ta damƙa muku amanar abin da aka naɗa na sauti da hoto. Wannan amanar ce muka zo roƙo a kanta.

Mu Hausawan Alaba Rago da Agege da Idi-Araba da Mile 12 muna wucewa ta gaban unguwar Festac, 'ya'yanmu kuwa sun san sunan a matsayin tashar mota kawai. Mai sayar da raguna a Ojo ba zai rufe harkarsa ya yini a cunkoson hanyar Badagry don ya je cibiyarku neman kaset ba, balle bai san abin da ke cikin taskar ba. Don haka muna roƙon a fitar da jerin abin da ke ajiye, har da fassararsa da Hausa, a kuma ware wurin da mutum zai zauna ya saurara ko ya kalla. Kaset kuwa ba ya jure laimar Legas. Wanda ba a kwafe zuwa kwamfuta ba, a hanzarta.

Babban roƙonmu shi ne a kawo mana hotunan hawan dabar nan har gida, ta hannun sarakunan Hausawa na unguwanninmu, a haska su a fili bayan sallar isha'i. Amfanin ba namu kaɗai ba ne. A cikinmu akwai dattawan da suna samari lokacin da aka yi hawan. Su ne za su dubi majigi su ce wannan tawagar Katsina ce, waccan ta Zazzau, wancan mai kakaki na gidan wane ne, wannan taken kuma na sarkin kaza ne. Ma'aikacin da ba ya jin Hausa, komai ƙwazonsa, iyakarsa ya rubuta cewa mahaya ne da makaɗa. Wanda yake da shekara 25 a lokacin yau ya haura 70, kuma irinsu kullum sai raguwa suke yi. Ku turo ma'aikaci da alƙalami da na'urar naɗar murya, ya zauna kusa da su.

Wurin zama da tabarmi da tara jama'a, wannan mun ɗauka. Ku dai ku sa mana rana. Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani mazaunin Alaba Rago, Ojo, Legas