Tun yaushe muka koma "ganin" waƙa?

Ran nan lokacin hutun ƙarfe goma na ji wata ɗalibata tana tambayar ƙawarta: "Kin ga sabuwar waƙar nan?" Ba ta ce "kin ji" ba. Har na buɗe baki in gyara mata Hausa, sai na fasa, don yarinyar ba ta yi kure ba. A zamaninta waƙa kallonta ake yi.

Abin ya samo asali ne a Amurka, ranar 1 ga Agusta 1981, da aka buɗe tashar MTV, wadda a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna waƙoƙi masu hoto. Waƙar da ta fara sawa ta ƙungiyar Buggles ce ta Ingila, kuma sunan waƙar ma cewa yake yi bidiyo ya kashe tauraron rediyo. Kamar wasa, ashe da gaske ne.

Abin da mutane suka manta shi ne, ƙofar ba kowa aka buɗe ma ba. A farkon shekarun, galibi mawaƙan rock farar fata tashar ke nunawa, har a 1983 David Bowie ya tambayi wani ma'aikacinta a gaban kyamara me ya sa ba a cika ganin baƙar fata ba. Sai da Michael Jackson ya zo da "Billie Jean" a shekarar, sannan "Thriller", bidiyo mai kusan minti 14 da ya lashe ɗaruruwan dubban daloli, kafin ƙofar ta buɗe sosai. Madalla da hakan. Amma daga ranar kuɗin shiga ya tashi: murya kaɗai ba ta isa, sai da rawa, da kaya, da mai zuba kuɗi. A 1988 aka fara shirin Yo! MTV Raps, daga baya Channel O da Trace da MTV Base suka kawo salon cikin gidajen Afirka. Mu da muka tashi da Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney a Yamai mun ci moriyar abin, ban musanta ba.

Malamanmu na addini sun daɗe suna kuka da tsiraicin da ke cikin waɗannan hotuna, kuma suna da hujja. Ni dai damuwata wata ce daban. Waƙar Hausa ƙarfinta a baki yake: azanci, habaici, kirari, zambo. Mamman Shata da kalangu da ƴan amshi ya riƙe mutane shekara da shekaru ta rediyo. Ɗan Maraya Jos kuwa kuntigi ne kawai a hannunsa, mai tsirkiya ɗaya. Yau da za su fito, babu mota, babu ƴan rawa, wane yaro zai tsayar da yatsa a kan salula ya saurare su minti goma?

Na gwada. Na sa wa ƴan ajina Shata, na ce su rubuta karin magana ko habaici biyu da suka ji. Ba a yi minti biyu ba wani yaro daga baya ya ɗaga hannu: "Mushe, ina hoton?"