Waiwaye: Guzurin Ranar da Mota Ta Tsaya

A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, dab da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Daga Arlit suka tashi cikin motoci biyu za su Tamanrasset, yawancinsu mutanen kudancin ƙasar masu neman abin kaiwa bakin salati. Motocin suka lalace a hanya, ruwan hannunsu ya ƙare, ƙishirwa ta gama da su. Gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana uku. Allah Ya ji ƙansu.

A hajjin 2024 kuma, ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 ne suka rasu. Kashi 83 cikin 100 ba su da takardar izinin hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da motar da za ta kwashe su. Da ƙafa suka yi ta tafiya a tsakiyar rana, babu inda za su fake.

Abin da na karanta a cikin waɗannan musibu biyu guda ɗaya ne. Mukan haɗa kaya gwargwadon tafiyar da muka tsara, alhali zafi a wurin jira yake kama mutum: inda taya ta fashe, inda aka tare hanya, inda layi ya ƙi motsi. Daga Kano zuwa Maiduguri, ko daga Maradi zuwa Agadas, wanda ya riƙe ledar ruwa biyu a watan Afrilu ya yi lissafin lafiyayyiyar mota ne, kuma duk mun san irin motocinmu.

Magabata sun fi mu gane wannan. Dubi ayarin gishirin Abzinawa da ke keta Tenere zuwa Fachi da Bilma. Da farko ma galibi ba sa tashi da bazara, sai zafi ya karye bayan damina. Kafin a ɗora kayan ciniki an gama da salka da harawar raƙuma. Ita salka, fatar akuya ce da aka jeme aka ɗinke, ruwa na ɗan tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi, yadda randar ƙasa take yi a gindin bishiya. Dabarar ba ta mutu ba. A Agadas za ka ga jarkokin matafiya an naɗe su da buhun algarara an ɗinke tsaf, mai ita ya rubuta sunansa a jiki. Buhun yana tare rana, in an jiƙa shi kuma ya sanyaya ruwan. Mu 'yan birni sai mu sayi gorar roba mu ajiye ta bayan gilashin mota, in an yi sa'a biyu ta zama ruwan shayi.

Saboda haka ruwa ne kan gaba, kuma ya zarce abin da kake zaton za ka sha. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da mota ta tsaya a dokar daji, kowa ta kansa yake yi. Akwai kuma wata al'ada da ta kamata a faɗa a fili: mata da yawa suna ƙin shan ruwa a mota don kada fitsari ya matsa musu a inda babu sutura. Uzurin na gaskiya ne, amma tsofaffi da masu ciki da masu shayarwa su ne zafi ya fi saurin kayarwa. Babban mayafi da 'yar buta a jaka sun warware matsalar, direba kuma ba ya raguwa da komai don ya tsaya minti biyar.

Ruwa kaɗai bai isa ba, domin gumi da gishiri yake fita. Ƙullin garin ruwan gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis ba shi da wani nauyi, sai dai da wuya ka gan shi a jakar matafiyi, kowa ya ɗauka maganin gudawar yara ne. Idan babu shi, a lita 1 ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Fatake ba su san wannan awo ba, amma fura da dabino da cuku da suke tafe da su suna mayar da ƙarfi ba tare da an hura wuta ba. Shinkafa da miya a kula kuwa, kafin la'asar ta yi tsami.

Sai inuwa, wadda dole ka tafi da abarka. Malafar kaba da muka bar wa makiyaya da manoma ta fi hular da muke yayi amfani nesa ba kusa ba, rawanin Buzu ma yana tare rana da ƙura, ya rage bushewar baki. Namijin da ke cikin harami ba ya sa hula, shi ya sa laima, musamman fara, ta zama abokiyar alhaji. Tufafi su zama na auduga, masu haske, masu yalwa. Yadin nan mai sheƙi da ake ɗinkawa don a sauka da kwalliya a ninke shi a akwati sai an isa.

Takalmi abin rainawa ne, amma likitocin alhazai sun san ɓarnarsa. Mutum ya cire silifa a ƙofar masallaci, ya fito cikin turmutsutsu bai gan su ba, ya ce bari ya lallaɓa zuwa masauki haka nan. Marmarar cikin Harami da sanyinta, kwaltar waje kuwa tana toya tafin ƙafa. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji ba zai san ya ƙone ba sai fata ta saɓule. 'Yar jakar rataye da za a jefa takalmin ciki a shiga da shi ta hana duk wannan. Masu allurar insulin kuma su sani zafi yana kashe ƙarfinta, wurinta jaka mai riƙe sanyi, kusa da jiki, ban da but ɗin mota.

Waya da cajin ajiya, ƙaramin tawul da za a jiƙa a ɗora a wuya, mafici: waɗannan kowa ya san su. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne alamar haɗari. Fitsari ya yi ja ya ragu, gargaɗi ne. Idan abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya ana cewa iska ce ta buge shi. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nemi asibiti mafi kusa. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Mai karatu, idan Baba ko Inna za su yi tafiya da bazara, ko zuwa ƙauye ko zuwa ƙasa mai tsarki, kada ka tsaya ga kuɗin mota da addu'ar a sauka lafiya. Buɗe jakar hannunsu ka duba da idonka. In ka tarar da turare da goro da tsarabar jikoki, babu gorar ruwa babu laima, rage tsarabar ka saka su.