Inji lafiya, dutse a gaba: Abin da ke halaka ƙananan jirage yayin sauka cikin gajimare

A ranar 15 ga Maris, 2008, wani ƙaramin jirgi samfurin Beechcraft 1900D ya tashi daga Legas ɗauke da ma'aikata uku, ya nufi filin Bebi da ke gindin tsaunukan Obudu a Jihar Kuros Riba. Bai isa ba. Sai a ƙarshen watan Agusta, bayan fiye da wata biyar ana cigiya, mafarauta suka ci karo da tarkacensa a cikin duwatsu.

Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta wancan lokaci, AIB, bai ɗora laifin a kan inji ba. Ya gano cewa matuƙan sun yi yunƙurin sauka cikin gajimare a filin da ba a sauka sai ido na ganin ƙasa, sun gangara ƙasa da tsayin da ke da aminci, kuma ba su gaggauta amsa gargaɗin na'urar da ke sanar da kusantar ƙasa ba. Rahoton ya kuma ambaci rashin sanin hanyar, da kuskure a taswirar hukuma wadda ta nuna Bebi da Obudu a wuri guda.

Masana suna da suna na musamman ga irin wannan haɗari: jirgi lafiyayye, yana ƙarƙashin ikon matuƙinsa, ya afka wa ƙasa ba tare da na cikinsa sun ankara ba.

Idan gajimare ko hazo ya rufe, matuƙi na dogara da na'urori da rubutaccen tsarin sauka. Manyan filaye suna da na'urar ILS, wadda ke nuna masa alƙibla tare da layin gangarowa. Ƙananan filaye da dama kuwa alƙibla kaɗai tsarinsu ke bayarwa. Matuƙi ne zai riƙa sauka mataki-mataki, kowane mataki da tsayin da aka haramta ya yi ƙasa da shi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda ya ɓata lissafin mataki guda kan iya tsira. A tsakanin tsaunuka, wannan kuskuren ajali ne. A mataki na ƙarshe doka ba ta da harshen damo: in ba a ga titin sauka ba, a ƙara wuta a koma sama.

Me ke sa ƙwararru karya wannan doka? Haɗarin Aspen a Amurka, ranar 29 ga Maris, 2001, ya ba da amsa guda. Jirgin haya samfurin Gulfstream III ya taso a makare daga Los Angeles, ga dokar hana sauka da dare a filin tana ƙaratowa, ga wanda ya yi hayar jirgin ya dage sai an sauka a can. Matuƙan suka gangara ƙasa da iyaka ba tare da sun ga titi sosai ba, mutum 18 suka mutu. Hukumar bincike ta Amurka, NTSB, ta lissafa matsin lambar mai hayar cikin abubuwan da suka taimaka wajen aukuwar haɗarin.

Amsa ta biyu ta fito ne daga Ostireliya. A ranar 7 ga Mayu, 2005, jirgi samfurin Metro ya daki tsauni yana shirin sauka a Lockhart River, mutum 15 suka rasu. Bincike ya nuna gudunsa da saurin gangarowarsa sun wuce ƙa'ida, mataimakin matuƙin ba shi da shaidar ƙwarewa a irin tsarin saukar da suka bi, kuma jirgin ba shi da sabuwar na'urar gargaɗi mai ɗauke da taswirar tsaunuka, wadda masu binciken suka ce da wuya haɗarin ya auku da tana ciki.

Darasin ga Najeriya a fili yake. Ƙananan jiragen haya su ne motocin 'yan siyasa da manyan jami'ai, musamman a kakar zaɓe, lokacin da ake son halartar gangami biyu ko uku a wuni guda. Matuƙin da albashinsa ke hannun kamfanin da ke neman yardar babban mutum yana buƙatar kariyar doka kafin ya iya cewa ba za a sauka ba. Ga kuma hazon hunturu da gajimaren damina da ke dawowa kowace shekara.

Don haka faɗin cewa "rashin kyawun yanayi" ne ya jawo haɗari bai isa bayani ba. Gajimare ba ya sauko da jirgi, shawara ce ke sauko da shi. Tambayoyin da ya kamata a yi wa hukumomin NCAA da NAMA su ne: filaye nawa ne a yankunan tsaunuka ke da tantantaccen tsarin sauka da na'ura? Yaushe aka sabunta taswirorinsu? Jiragen haya nawa ke ɗauke da na'urar gargaɗi mai aiki? Ita kuma NSIB, wadda ta gaji AIB, ya kamata ta riƙa bayyana wa jama'a shawarwarinta nawa aka aiwatar, nawa kuma ke kwance a cikin fayil tun bayan Bebi.